Soket a Banɗaki: Wanne Za a Saya, Ina Za a Kafa Shi?

Tambaya: Ina gyaran banɗakina, ina son a sa mini soket kusa da madubi saboda injin aske gemu. Na ga iri biyu masu fuska ɗaya, amma ɗaya ya fi nauyi, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Mai yi mini wayarin ya ce duk ɗaya ne, har ma soket irin na ɗaki zai yi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki mai nauyin, kuma kada ka yarda a kafa maka soket na ɗaki a gefen madubi. Nauyin da ka ji a hannunka ƙaramar taransifoma ce a bayan fuskar soket ɗin, ita ce kuma ainihin abin da kake biya.

Wutar gida kullum hanyar komawa ƙasa take nema. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, amma da zarar ta jiƙe, kariyar ta ragu ƙwarai. Ka dubi mai aski a banɗaki: ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil, kumfa a haɓa, hannu ɗaya a kan famfon ƙarfe, ɗayan riƙe da injin da wayarsa ta fara tsagewa a gindi. Idan soket na ɗaki ne, jikinsa ya zama hanyar da wutar za ta bi. Taransifomar nan tana raba wutar da ke fita da wutar gidan gaba ɗaya, ta yadda ko mutum ya taɓa waya ɗaya daga cikin biyun, wutar ba ta da ta inda za ta ratsa shi zuwa ƙasa. Sai dai idan ya haɗa wayoyin biyu a jikinsa lokaci guda, za ta ja shi, don haka injin da wayarsa ta lalace a canza masa waya.

Marar nauyin ba jabu ba ne. An yi shi ne don ɗakin kwana da wuraren da ba ruwa, ba shi da wannan taransifoma. Ka juya kwalin ka nemi lambar 61558-2-5, ita ce alamar wanda aka ƙera don banɗaki. Yawancinsu za ka ga an rubuta 115V da 230V a fuska. Ka kuma gaya wa mai wayarin tun kafin a manna tayil, domin yana buƙatar akwati mai zurfi a bango.

Sai maganar wuri. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta kasa banɗaki kashi-kashi. Cikin bahon wanka ko daɓen shawa shi ne kashi na 0. Abin da ke samansa har tsayin mita 2.25 daga ƙasa shi ne na 1. Daga nan zuwa santimita 60 a gefe shi ne na 2. Soket ɗin aski mai taransifoma ba ya shiga na 0 ko na 1 ko kaɗan. Ana iya sa shi a na 2, amma inda feshin shawa ba zai same shi ba. Ni dai da za ka ji ta tawa, ka matsar da shi gaba da haka in bangon ya ba da dama. Shi kuwa soket na ɗaki, ƙa'idar ta ce sai ya yi nisan mita 2.5 daga iyakar kashi na 1 (kafin gyaran 2022 mita 3 ne), kuma banɗakuna da yawa ba su kai wannan faɗin ba. A Amurka ana sa soket kusa da wurin wanke fuska, amma irin mai katse kansa da zarar wuta ta fara zurarewa. Kowace ƙasa da tsarinta, sai ka tabbatar mai aikin ya san na inda kake. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, ina ganin ya kamata ka nemi wani ƙwararren ya duba aikinsa kafin a rufe bango.

Tambaya: Akwai soket ɗin aski a banɗakinmu. Na sayi adafta na jona na'urar busar da gashi, sai ta ɗan yi ƙara ta mutu. Ya lalace ne?

Amsa: Hajiya, da alama lafiyarsa lau, nauyi ne ya fi ƙarfinsa. Abin da yake iya bayarwa yawanci bai wuce wat 20 ba, na'urar busar da gashi kuwa takan ci fiye da wat 1,000. Da ya yi zafi sai ya katse kansa, in ya huce yawanci yakan dawo. Don Allah ki cire adaftar nan, ki riƙa busar da gashi a ɗaki. Kuma kada a jawo doguwar waya daga waje ta ƙarƙashin ƙofa, wannan ya fi komai haɗari. Idan burushin haƙori mai caji kike son jonawa, duba takardar soket ɗin, domin wasu an yi su ne don aiki na 'yan mintuna, barin abu a jone dare da rana yana sa su zafi.

Tambaya: Tunda akwai fiyus a gidan, sai na ƙara kashe kuɗi a kan abin da ake kira RCD?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Fiyus waya yake karewa daga ƙonewa, kuma kafin ya tsinke, wutar da ta isa ta tsayar da zuciyar mutum ta daɗe da wucewa. RCD yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ya ga giɓi sai ya katse nan take. Nemi wanda aka rubuta 30mA a jikinsa, a ɗora duk layukan banɗaki a kansa, har da fitila da hitar ruwa. Akwai ɗan maɓallin gwaji a fuskarsa, ka riƙa danna shi duk wata shida. Idan ka danna wutar ba ta ɗauke ba, ka kira mai gyara a ranar.