Me ƙungiyar masu otal take yi wa ma'aikaci?

Tambaya: Ina aikin gyaran ɗakuna a otal. Maigidanmu yana biyan kuɗin ƙungiyar masu harkar yawon buɗe ido, amma ni ban ga amfaninta ba.

Amsa: Malama, ƙungiyar ta masu otal ce, ba ta ƙwadago ba, don haka rikicin albashi ba huruminta ba ne. Ribarki tana wajen horo: tsaftar abinci, agajin gaggawa, kashe gobara, da takardar shaidar da za ki nuna a wani otal. Wasu ƙungiyoyin suna da asusun tallafi don lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, suna kuma haɗa otal-otal da manoman yankin. Sai dai sanarwa takan maƙale a teburin manaja. Ki tuntuɓi sakataren ƙungiyar da kanki, ki tafi da takardar ɗaukar aikinki.