Amsar Yaya a guruf kan kocin da ya fi kowa daɗewa

Assalamu alaikum jama'ar gida. To, na ga gardamar da kuka kwana kuna yi, ni lokacin ina kan hanya ban samu na sa baki ba. Ƙanena ya tambaya wai a duk duniyar wasanni wane koci ne ya fi daɗewa a kulob ɗaya, 'yan Man U suka ce Ferguson shekara 26, 'yan Arsenal suka kawo Wenger da 22 ɗinsu, aka yi ta yi har aka kusa zagin iyaye. To ku yi haƙuri zan fitar da ku daga ƙwallon ƙafa gaba ɗaya, tunda tambayar cewa ta yi wasanni. Akwai wani tsoho a nan garin da nake, Philadelphia, sunansa Connie Mack, shekara 50 cur ya yi yana riƙe da kulob ɗaya na besbol, daga 1901 har 1950. Hamsin fa, ba kuskuren baki na yi ba. Muryar za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ba ta da yawa ya bari sai dare.

Ni yadda aka yi na san shi ma abin dariya ne. Akwai mutum-mutuminsa a wajen filin da Phillies, kulob ɗin besbol na garin nan, suke wasa yanzu, kullum in na sauke fasinja a wurin sai in ga wani dogon tsoho siriri da kwat da nekitai, ƙafa ɗaya a kan matakala, ya ɗaga wata takarda sama. Wallahi na daɗe ina ɗauka wani gwamna ne ko fasto, don ba abin da ya haɗa shigarsa da ɗan wasa. Sai wani dattijo da na ɗauka ya ce min ai manajan besbol ne, daga nan na shiga tonon labarinsa.

Sunansa na yanka Cornelius McGillicuddy, ku gwada faɗa sau uku ku ji, shi ya sa aka gutsure ya koma Connie Mack. An haife shi 22 ga Disamba 1862 a wani ɗan ƙauye East Brookfield a jihar Massachusetts, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, babansa ma ya je yaƙin. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ayalan, talakawa tilis. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya shiga kamfanin takalma don ya taimaki gida, da yamma kuma ya je ya buga besbol da 'yan unguwa. Daga nan ne ya samu shiga ƙananan kulob, har 1886 Washington ta ɗauke shi zuwa babban lig.

Bari in ɗan yi bayanin wurin da yake bugawa, don in ba ku gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. A besbol akwai mai jifa a tsakiya, akwai mai duka da gora, sai wani mutum da yake tsugune a bayan mai dukan, duk ƙwallon da gora ta kuskure shi zai cafe. Wannan mai cafen shi ne Mack. Yanzu in ka gan su a talabijin sun sha kaya kamar 'yan kwantar da tarzoma, hular kwano, garkuwar ƙirji, abin ƙwauri, safar hannu ƙatuwa kamar matashi. A zamaninsa fa ba haka ba ne. Abin rufe fuska na waya bai daɗe da fitowa ba, 1877 aka fara sa shi a jami'ar Harvard, abin kare ƙwauri kuwa sai 1907 wani Roger Bresnahan ya shigo da shi babban lig, mutane har dariya suka riƙa yi masa. Safar hannun farko-farko 'yar fata ce siririya an yanke yatsun. Ƙwallon kuma tauri gare ta kamar goruba, a jefo maka ita da iya ƙarfin ƙato, ka tare da tafin hannu, yau gobe jibi. Masu cafen wancan lokacin in suka tsufa yatsunsu duk a karkace suke kamar saiwar rogo.

Shi Mack ba wani gwanin duka ba ne, gaskiya ɗaya ce, ga shi dogo ba nama, kamar sandar rake. Abin da yake da shi wayo ne. Zai tsuguna a bayanka yana yi maka hira da ladabi, yana tambayarka gida, kai kana amsawa hankalinka ya rabu ƙwallo ta wuce. Wani lokaci ya sa hannu ya ɗan taɓa gorarka daidai za ka kai duka, sannan ya hau ba ka haƙuri kamar tsautsayi ne. Kuma akwai wata doka a lokacin, in ƙwallo ta ɗan goge gora mai cafe ya cafe ta, to mai dukan ya fita. Sai gogan ya koyi yin ƙarar gogewar nan da kansa, tas, ƙwallo ba ta taɓa komai ba alƙalin wasa ya ji ƙara ya kori bawan Allah. Daga baya dokar ma canza ta aka yi. To kun ji mutumin da daga baya duk Amurka take kira dattijon kirki, da ƙuruciya ɗan duniya ne na gaske.

Amma abin da nake so ku riƙe, mai cafe shi kaɗai ne a cikin mutum tara yake fuskantar fili gaba ɗaya, kowa na kallonsa shi yana kallon kowa, shi yake yi wa mai jifa alama da yatsu irin jifan da zai yi, ya san wane mai duka ne ba ya son ƙwallon ƙasa, wane ne in aka matso masa da ita jiki yake tsorata. Shekara goma sha ɗaya yana tsugune yana haddace mutane, a ganina nan ne ya yi karatun kocinsa.

A 1890 'yan wasa suka yi bore suka kafa lig nasu don masu kulob suna danne musu albashi, Mack ya bi su Buffalo har ya zuba ɗan abin da ya tara a ciki. Shekara ɗaya lig ɗin ya ruguje, kuɗinsa suka bi ruwa. Ya koma Pittsburgh 1891, matarsa ta fari ta rasu 1892 ta bar masa yara uku, 1893 kuma aka ji masa mummunan rauni a ƙafa wajen tare gida, wato wurin da mai gudu yake takawa ya ci maki, daga nan wasansa ya ja baya. 1894 suka ba shi manaja yana bugawa yana koci, 1896 suka sallame shi. To wannan ce sallama ta farko kuma ta ƙarshe a rayuwarsa, kuma yanzu za ku ji dalili.

Ya je Milwaukee ya yi shekara huɗu a ƙaramin lig, can ya koyi harkar kuɗin kulob, tikiti, jirgin ƙasa, otal, albashi, duk shi. Da Ban Johnson ya tashi kafa American League a 1901 sai ya turo shi Philadelphia ya kafa kulob ɗin Athletics, wani mai kamfanin kayan wasa Ben Shibe ya sa kuɗi, Mack ya samu kashi 25 cikin ɗari na kulob ɗin. Daga baya ya kai rabi, daga baya ya zama shi ne mai rinjaye. Kun ga inda zancen yake ko? Ferguson komai girmansa ma'aikaci ne, akwai masu kulob a samansa. Shi wannan shi ne koci shi ne mai gida, wa zai kore shi, sai dai ya rubuta wa kansa takarda.

Akwai labarin giwa, wannan yana ba ni dariya. 1902 John McGraw manajan New York Giants, mutum ne mai baƙin baki, ya ce kulob ɗin nan farar giwa ce, a wurinsu ma'anarta kadarar da sai ci ba riba, kamar a ba talaka kyautar doki ba a ba shi dawa ba. Mack bai ce uffan ba, sai kawai ya mayar da farar giwa tambarin kulob, kuma a shekarar suka ci lig. Da suka haɗu a World Series na 1905, wato karawar ƙarshe tsakanin zakarun manyan lig biyu, har 'yar giwar wasa ya miƙa wa McGraw kafin a fara. Sai dai fa Giants ne suka cinye, Christy Mathewson ya yi musu jifa wasa uku ko maki ɗaya ba su samu a hannunsa ba. Giwar nan ta daɗe a hannun rigar Athletics.

Shigarsa kuma, su manajojin besbol yunifom suke sawa irin na 'yan wasa, har yau haka ne, za ka ga tsoho da tumbi cikin wandon yara. Mack ya ƙi. Kwat, nekitai, doguwar kwala mai sitati, hula, ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Yana zaune a benci da katin rubuta sakamako a hannu, in ya kaɗa shi hagu ɗan wasan da ke can ƙarshen fili ya matsa hagu, sau da yawa kuma sai ka ga ƙwallon ta faɗo daidai inda ya tsayar da shi. Takardar nan ce a hannun mutum-mutumin da na ce muku. Ba ya ashar, ba ya yi wa ɗan wasa tsawa a gaban mutane, sai an kwana ya ja ka gefe. Kowa Mista Mack yake ce masa. Har Rube Waddell ya iya zama da shi, wani mai jifa da hannun hagu gwani na ƙarshe amma in ya ji jiniyar motar kashe gobara sai ya bi ta, ko ya ɓace kwana da kwanaki ya tafi kamun kifi.

Kofuna kuwa ya ci lig sau 9, World Series sau 5, wato 1910, 1911, 1913, sai 1929 da 1930. Na 1929 ɗin nan shi ne inda idon mai cafe ya fito sosai. Yana da Lefty Grove, jifa ba na biyunsa a lokacin, kowa ya san shi zai buɗe wasan farko da Chicago Cubs. Sai tsoho ya ɗauko Howard Ehmke, ɗan shekara 35 wanda kusan duk kakar yana benci, ashe tun da wuri ya tura shi ya je ya zauna cikin 'yan kallo yana nazarin masu dukan Cubs. Ehmke ya zo da jifansa mai sanyi-sanyi ya fitar da mutum 13, a lokacin ba a taɓa yin haka a World Series ba, aka ci 3 da 1. A wasa na huɗu kuma ana cin su 8 da nema, zango na bakwai kaɗai suka zuba 10. Ku da kuke ta zancen Istanbul, inda Liverpool ta farfaɗo bayan an ci ta 3 da nema, ga irinta tun kakanninku ba su yi wayo ba.

To amma kar in yi muku rabin labari. Mutumin nan shi ya fi kowane manaja cin wasa a tarihin besbol, 3,731, kuma shi ya fi kowa shan kashi, 3,948. Ku lura, wanda aka ci shi ya fi wanda ya ci. Dalili, shi ba attajiri ba ne, ba shi da wata masana'anta ko rijiyar mai a gefe, kuɗin ƙofa shi ne abincinsa. Duk ranar da lissafi ya ƙi sai ya kai 'yan wasa kasuwa. 1914 Boston Braves suka share shi 4 da babu, ga sabon lig na Federal yana zawarcin 'yan wasa da manyan kuɗi, sai ya watsa tim ɗin, Eddie Collins ya tafi Chicago White Sox kan dala 50,000, su Eddie Plank da Chief Bender ya sake su. Shekara bakwai a jere, 1915 zuwa 1921, su ne na ƙarshe a tebur. 1916 wasa 36 suka ci aka ci su 117. Wane koci ne yau zai yi wannan ya kwana a gari? Ya sake gini a hankali ya haɗa su Grove, Jimmie Foxx, Al Simmons, Mickey Cochrane, sai karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta zo mutane ba kuɗin tikiti, ya sake sayar da su ɗaya bayan ɗaya, Cochrane ma Detroit ta ba da dala 100,000. Wannan karon kam bai ƙara tashi ba.

Ni a nawa ganin shekaru goma sha biyar na ƙarshen nan bai kamata ya yi su ba, ko da yake an sa shi a zauren gwarzaye tun 1937 yana kan aiki. Ya haura tamanin, wani lokaci barci ya kwashe shi a benci, wani lokaci ya kira sunan ɗan wasan da ya bar kulob shekara da shekaru ya ce ya shiga, mataimakansa su yi kamar ba su ji ba su gyara abin a ɓoye. Ba mai iya cewa Baba ka huta, kulob nasa ne. Ga 'ya'yansa, Roy da Earle na matar fari a gefe guda, Connie ƙarami na amarya a gefe guda, rigimar 'yan uba sak irin wadda muka sani, ana ta ja-in-ja a kan hannun jari kulob yana lalacewa. Sannan akwai abin da ni a matsayina na baƙar fata ba zan tsallake ba, Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya wariyar launi a besbol, ya shiga babban lig 1947, amma har Mack ya sauka bai sa baƙi ko ɗaya a tim ɗinsa ba, sai 1953 Athletics suka sa Bob Trice. Duk dattakun da ake faɗa, a nan bai yi abin a yaba ba.

Ya sauka ƙarshen kakar 1950 yana da shekara 87, a shekarar wasa 102 aka ci su. 1953 aka sa wa filinsu na Shibe Park sunansa, 1954 bashi ya sa aka sayar da kulob ɗin aka kwashe shi zuwa Kansas City, daga can Oakland 1968. Shi kuma ya rasu 8 ga Fabrairu 1956 yana da 93. Jikansa mai sunansa har sanata ya yi daga Florida. Filin ma an rushe shi 1976, na bi ta wurin kwanaki, kan titin Lehigh, wani ƙaton coci ne a wurin yanzu da ɗan allo a bakin titi.

Don haka ƙanena, in manyan lig na ƙwararru ake nufi, ka rubuta Connie Mack, 50. In kuma kun ce dole sai ƙwallon ƙafa, to ku je ku nemo Guy Roux na Auxerre a Faransa, shi ma ya haura shekara 40, duk ya wuce Ferguson ɗin naku. Admin a yi haƙuri da tsawon murya, fasinja ya fito bari in tafi.