Jewar ungulu da iskar da ke ɗauke da ita

Tambaya: Malam, a karin maganar nan "ungulu ba ta jewar banza", mece ce jewa? Ba tashi ba ne kawai?

Amsa: Tashi daban, jewa daban. Jewa ita ce tsuntsu ya shimfiɗa fikafikansa, ya yi ta zagaye a sama bai kaɗa su ba. Ungulu da shirwa ke yin ta, ba a cewa tattabara tana jewa. Ana buga karin maganar ga wanda aka ga yana ta kewaya wuri, wato akwai abin da ya hango.

Amma me ke riƙe da ungulun? Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sauƙi ta tashi kamar hayaƙi. Cikin wannan ginshiƙin iska ungulu ke zagaye, don in ta miƙe za ta fita daga cikinsa. Shi ya sa da sassafe za ka same ta a kan bango ko bishiya, sai hantsi ya dubi ludayi take hawa.

A 1970 masanin yanayi James Deardorff na Amurka ya nuna cewa in rana ta take kuma babu iska mai ƙarfi, abu biyu ne ke ƙayyade saurin tashin iskar nan: yawan zafin da ƙasa ke fitarwa, da tsayin da iskar ke kaiwa kafin ta tsaya. In ƙasa tana ba da zafi na wat 200 (wat ma'aunin ƙarfi ne, kamar na ƙwan lantarki) a kowace murabba'in mita, tsayin kuma mita 1,500 ne, saurin zai kai kamar mita 2 a daƙiƙa, iskar ta kai ƙololuwa cikin minti 12 ko 13. Saurin ba ya bin zafi kai tsaye: sai zafin ya ninka sau 8 kafin saurin ya ninka sau 2. Lissafin yana rushewa da dare, ko in iska mai ƙarfi tana kaɗawa ta tarwatsa ginshiƙan.

Tambaya: Guguwa fa, ita ma iska ce?

Amsa: Iska ce, amma mai juyawa. Guguwar bazara da ke kwasar ƙura da ledoji a fili da tsakar rana wannan iskar mai tashi ce ta samu murɗawa daga ƙasa. Mai kaɗawa a miƙe kuwa, ita ce ke wahalar da mai kayan kara.