Kafin ki ɗora lalle a farcen kowa

Jiya muna wanke kwanonin kwaɓi kika tambaye ni yadda za ki fara yi wa farce ado, alhali hannunki bai zauna ba, kuma ba ki da kayan aiki irin na masu shago. To 'yata, kayan aikin suna ɗakinku: tsinken sakace, salatif, almakashi, auduga da ɗan basilin. Amma abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, kada ki koyi aikin nan da lalle. Da jan farce za ki koya.

Jan farce fenti ne, a sama yake zama. In kin kuskure, ki ɗiga ruwan gogewa a auduga ki share, shi ke nan. Lalle kuwa rini ne, jikin farcen yake shiga. A fata yakan koɗe cikin sati 2 ko 3 saboda fata tana saɓa. Farce ba ya saɓa, tsiro yake yi, kusan milimita 3 a wata. Layin da kika karkata yau, mai hannun za ta yi ta kallonsa wata 4 zuwa 6 kafin ya kai baki a yanke shi. Na babban yatsan ƙafa ma sai ya haura shekara. Ina sabuwar shiga na taɓa ɓata wa wata ƙawar amarya farce uku, lallen ya zurara ƙarƙashin salatif. Aka yi biki aka watse, bayan wata biyu muka haɗu a gidan suna, aikina yana nan a hannunta. Ba ta ce min komai ba, amma har yau abin yana raina.

Don haka ki sayi cokulan roba guda goma. Bayan cokali a lanƙwashe yake kamar farce, kuma bai da ruwa da alwala. Kin san jan farce yana hana ruwa taɓa farce, shi ya sa mu nan sai lokacin fashin salla ake neman sa, lalle kuwa da an wanke ƙullin sai launi kawai ya rage.

Ki fara da ɗigo. Shafa launin ƙasa siriri, ki bari ya bushe, ki ƙara shafi na biyu. Masu koyo kan lafta shi da kauri don su gama da wuri, sai sama ta bushe ciki na danye, ana taɓawa ya kwaɓe. Sannan ki zuba ɗan wani launi a kan leda, ki tsoma bakin tsinke, ki dangwala a tsaye, kada ki ja. Ɗigo biyar a zagaye, ɗaya a tsakiya, kin yi fure. In kina son manyan ɗigo, ki juya tsinken ashana ta gindinsa. Duk dangwale biyu ki sake tsomawa, in ba haka ba ɗigon zai yi ta ƙanƙancewa.

Daga nan sai salatif, kuma a nan nake so ki nutsu. Ki yanka shi siri-siri, ki fara manna shi a bayan hannunki ki ɗaye, don ƙarfin gam ɗin ya ragu, kada ya ɓanɓaro shafin ƙasa. Manna a karkace, ki danne gefensa da tsinke har ya kwanta, ki shafa launi na biyu, ki cire nan take tun yana danye. In kika bari ya bushe, layin zai yi haƙora. A lalle akasin haka ne: salatif yana nan har ƙullin ya yi awanni ya kama, sai a kankare, sannan a ɗaye. Wadda ta haɗa waɗannan biyun a kanta za ta yi ta ɓarna.

Ranar da za ki koma kan lallen, ki tankaɗe garin da tsohon ɗankwali, ki kwaɓa da lemon tsami da ɗan sikari, da kauri yadda ba zai gudu ba, ki rufe shi ya kwana. A wanke farce da sabulu ya bushe sarai, domin maiƙo yana hana shi kamawa. Basilin a fatar gefe kawai ake sa shi.

Abu biyu na hana ki har abada. Kada ki sa reza ki yanke fatar gindin farce don ya yi tsawo a ido. Ita ce ke tare ƙwayoyin cuta, in aka yanke ta yatsa yakan kumbura ya tara mugunya. Ki tura ta baya a hankali bayan an jiƙa hannu. Na biyu, baƙin dayis. Akwai sinadarin rinin gashi da ake kira PPD a cikinsa, na ga hannun da ya yi bororo a kansa, zanen ya koma tabo.

Ranar Asabar ki zo min da cokulanki goma, biyar na ɗigo, biyar na salatif. In bakwai suka fita tsaf, zan ba ki ƙaramin yatsana ki gwada lallen a kai.