Kotun haraji ta tsallake rasitanka? Ga ƙofar da ta rage

Alhaji, na karanta saƙonka. Ka ce kana dillancin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, aka yanka maka harajin da ya fi ƙarfin cinikinka, ka kai kuka kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ka miƙa rasitai da takardun banki, aka karɓa aka sa musu lamba, amma a hukuncin ko sau ɗaya ba a ambace su ba.

Kafin komai, duba ranar da aka yanke hukuncin. Kwana 30 gare ka daga wannan rana ka kai wa sakataren kotun takardar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya, wadda a nan Legas take Ikoyi. Idan wa'adin ya wuce, sai roƙon ƙarin lokaci, kuma alƙali ba ya bayarwa sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kan batun doka kaɗai ake ɗaukaka wannan ƙara. Idan lauyanka ya rubuta cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin shaida kawai, ya ba abokin shari'a makamin korar ƙarar tun ba a shiga cikinta ba, domin wannan jayayya ce kan yadda aka auna shaida. Abin da za a ce daban ne: ba a ma auna ta ba. A shari'ar Mogaji da Odofin ta 1978, Kotun Ƙoli ta ce dole a ɗora shaidar kowane ɓangare kan ma'auni. A ta Ogbechie da Onochie ta 1986 kuma, ta nuna cewa yanke magana ba tare da shaidar da ta tallafe ta ba kuskuren doka ne. Saboda haka a kama sunan kowace takarda da lambarta, a nuna yadda lissafin zai canza da an duba ta.

Sai dai ka tabbata rasitan suna cikin kundin shari'ar. Wanda ya kwana a jakar akawunka, ba a miƙa shi ba, da wuya a karɓe shi yanzu. Na sha ganin haka.

Ɗaukaka ƙara kuma ba ta tsayar da karɓar kuɗin. Sai an nemi umarnin dakatarwa, kuma ana iya cewa ka ajiye wani abu tukuna. Gobe da safe ka nemo kwafin hukuncin da na kundin masu hatimin kotu, ka kai wa lauyan da ya san harkar haraji.