Tambaya da Amsa: Rubutun nan na satifiket ya dace da katin biki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon kwamfuta a Jekadafari nan cikin Gombe, ina buga katin biki da satifiket na walimar sauka da su kalanda. Kwanaki wani kwastoma ya ce in yi masa kati da irin rubutun nan mai kauri mai ƙahonni da ake gani a satifiket, a kwamfutata sunansa Old English Text, ni kuma na zage na rubuta katin gaba ɗaya da shi har adireshi da lokaci, wallahi a ido ya yi kyau amma bayan kwana biyu ya dawo min da katunan wai mutane sun kasa karanta wurin ɗaurin aure, wani ma ya ce masa ai rubutun coci ne. Don Allah mene ne asalinsa, kuma a ina ya kamata a sa shi? Daga mai karatunku a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri, asarar kati ba daɗi musamman yanzu da takarda ta yi tsada.

Wannan rubutu sunansa gotik, kuma da hannu aka fara yinsa a Turai wajen ƙarni na 12, tun babu injin buga littafi. A lokacin a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya ake rubutu, fata kuwa kuɗi ce, shi ya sa marubuta suka dinga matse haruffa suna tsayar da su ƙyam kamar dannin kara don shafi ɗaya ya ci magana da yawa. Kaurin da sirantakar da kake gani kuma aikin bakin alƙalami ne, duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya rubuta allo ya san in bakin yana da faɗi ka karkata shi, ja ƙasa zai fito da kauri, ja gefe ya fito siriri. To haka ne a can ma, sai dai su da gashin tsuntsu suke yi.

Da Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin buga littafi a Turai, ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, irin wannan rubutun ya kwaikwaya, samfurin da ake kira Textura, ina jin daga nan mutumin ya samo zancen coci. Gaskiya an rubuta littattafan addininsu da shi, amma da shi aka rubuta na shari'a da na likitanci da komai ma, don shi ne rubutun zamanin. Jamusawa sun riƙe nasu samfurin mai suna Fraktur a jaridu da littattafan makaranta har 1941 da gwamnatin Hitler ta hana shi, kuma har gobe sunan jaridar New York Times da gotik ake rubutawa a saman shafi. Don haka ba alamar wani addini ba ce, ka kwantar wa kwastomanka da hankali.

Amma ka lura da abin da jaridar take yi, nan ne amsarka take. Sunanta kawai take sa wa wannan rubutu, labaran duk da haruffa masu sauƙi take bugawa. Ni a wurina gotik kamar alkyabba ce, ranar hawan sallah ake sa ta a bisa doki, ba a shiga gona da ita. A kati ka ba shi sunan ango da amarya ko kalmar Gayyata shikenan, kalma biyu zuwa huɗu, ka ƙara masa girma sosai ka bar masa fili ya sha iska, sauran bayani wato rana da lokaci da masallaci da lambar waya ka sa su da Times New Roman ko Arial, saboda dattijon da zai karanta katin a ƙofar gida bayan magariba ba ado yake nema ba, so yake ya san ƙarfe nawa ne. Lambobi ma kada ka yarda ka rubuta su da shi.

Kuskuren da ya fi ci min rai, kuma ina yawan ganinsa a allon shaguna da bayan keke napep, shi ne a rubuta kalma gaba ɗaya da manyan baƙaƙe. Manyan baƙaƙen gotik an yi su ne su tsaya a farkon kalma su kaɗai, in ka jera su sai ƙahonninsu su sarƙe, ko kai da ka rubuta sai ka tsaya ka yi ta hasashe. Sannan in ka ga Century Gothic ko Franklin Gothic a jerin haruffan manhajar zane ta CorelDraw kada sunan ya ruɗe ka, waɗannan haruffa ne miƙaƙƙu marasa ado, suna kawai suka haɗa.

Sai abin da ya shafe mu Hausawa. Yawancin samfuran gotik ba su da ƙ da ɗ da ɓ, in ka rubuta Ɗaurin Aure sai ka ga akwati ya fito a wurin harafin farko ko kwamfuta ta aro wani harafi daban ta liƙa, abin ya yi muni. Ka rubuta da D ɗin talaka, ka mayar da rubutun zane a CorelDraw, ka ɗora masa lanƙwasar da hannunka, sannan ka buga kwafi ɗaya ka miƙa wa wani babba a layinku ya karanta maka da ƙarfi kafin ka saki sauran.