Ku Tambaya: Shin lokaci ya yi da za a ƙara ƙa'idar gudu a manyan hanyoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An gyara hanyar Kano zuwa Zariya, kwalta sumul, motocin yanzu kuma ba irin na da ba ne. Me ya sa har yau ake cewa kada a wuce kilomita 100 a awa? Ai kamata ya yi a mayar da shi 120 ko 130, tunda ko yanzu ma haka jama'a ke gudu.
(Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Mu fara da abin da dokar hanya ta Najeriya ta tanada. Ƙaramar motar gida: kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya da ake kira esfires. A esfires ɗin, tasi da bas sun tsaya a 90, tirela da tanka kuwa 60 ne iyakarsu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a kan haka.

To, nawa ne ribar ƙarin? Tsakanin Kano da Zariya kusan kilomita 137 ne. Mai tafiya a kan 100 ba tsayawa zai kai cikin minti 82, mai 120 kuma cikin minti 69. Minti 13 ke nan. Har Kaduna ma, wajen kilomita 210, ratar ba ta wuce minti 21 ba, kuma wannan lissafin takarda ne, wanda babu shingen bincike a cikinsa, babu cunkoson Kwanar Dangora, babu tsayawa salla ko shan mai.

Ga abin da ake biya domin waɗannan mintuna. Motar da ke 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, ta 120 kuma mita 33. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, direba kan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, wato mita 42 ga mai 100, mita 50 ga mai 120, birkin bai ma fara kamawa ba. Idan kwalta a bushe take, taya da birki kuma lafiya lau, mai 100 na buƙatar ƙarin mita 55 kafin ya tsaya cik, mai 120 kuma mita 79. Jimilla: 97 da 129. A ce saniya ta fito a mita 97 gabansu. Na farko zai tsaya a gabanta daidai. Na biyu zai same ta yana kan kilomita 77 a awa. Mutane sukan ɗauka ratar 20 ce kawai za ta rage a wurin karo, alhali birki ya fi cin gudu a mitocinsa na ƙarshe, kuma su ne mai 120 bai samu ba.

Ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi. Ƙarin kashi 20 cikin 100 a gudu yana zama ƙarin kashi 44 a ƙarfin bugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci na ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kusan kashi 4. Iska ma haka take: turjiyarta ta ƙaru da kashi 44, shi ya sa allurar mai ke saurin faɗuwa in an ƙure maleji.

Batun cewa jama'a na gudun 120 tun yanzu, wannan hujja ce a kan rashin tsare doka. Wanda ke ƙara 20 a kan 100 ba zai tuba don allo ya koma 120 ba.

Tambaya: An ce a Jamus babu ƙa'idar gudu, kuma ba su kai mu haɗari ba. Ashe ke nan ba gudu ne matsalar ba?
(Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Malama, maganar da gaskiya a cikinta, amma rabi. Kusan kashi 70 cikin 100 na manyan hanyoyin Jamus, Autobahn, ba su da iyaka ga ƙananan motoci, sai dai shawarar kada a wuce 130. Manyan motocin kaya kuwa 80 ne iyakarsu. Abin dubawa shi ne yadda hanyar take. Ba mai tafiya a ƙafa, ba keke, ba abin hawan da ba ya iya wuce 60. Ba a shiga ko fita sai ta mashigar da aka gina mata doguwar hanya ta ɗaukar gudu. Ba wurin juyawa a tsakiya. An haramta wuce mota ta hannun dama, kuma duk shekara biyu sai an duba lafiyar motar gida.

Yanzu a kwatanta da hanyar da ta ratsa Tashar Yari, Jaji da Mararrabar Jos: kasuwa a bakin kwalta, ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba don wurin juyawa ya yi masa nisa, yara na tsallakawa da tiren talla, tirela ta lalace an zuba ganye a bayanta a madadin alama. Da dare, ƙaramar fitilar mota ba ta haska fiye da kamar mita 60, ga shi mun ce mai 100 ma sai ya ci 97 kafin ya tsaya. Santsin kwalta bai sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Injiniya in zai yanke gudun hanya, nisan da direba ke iya hangowa yake aunawa, da lanƙwasar kwana, da yawan wuraren da abu zai iya faɗowa titi.

Kuma ba duk Turai ce Jamus ba. Ingila tana kan mil 70, wato kilomita 112, tun 1965. Gwamnatinta ta kawo shawarar mil 80 a 2011, daga baya aka jingine ta. Ostiriya ta gwada 140 a wasu sassan hanya ɗaya daga 2018, ta janye a 2020. Holan a shekarar 2020 ɗin ta sauko daga 130 zuwa 100 da rana, saboda gurɓatar iska. Amurka ta sa mil 55 a duk ƙasar a 1974 domin tsimin mai, sai a 1995 ta bar wa jihohi su yanke nasu. A ganinmu, duk wanda ke son 120 a nan, ya fara neman katanga, gadojin tsallakawa da hanyar gefe ta 'yan gari. In an yi su, sai a zauna a yi maganar lamba.

Tambaya: Na'urar ƙayyade gudu da aka tilasta mana tana hana mu wuce tirela da sauri. Wannan ba wani haɗarin ba ne?
(Wani direban hayis daga Funtuwa)

Amsa: Malam direba, an fara tilasta na'urar ga motocin haya gadan-gadan a watan Fabrairun 2017. Aikinta rage man da ke zuwa inji idan mota ta kai inda aka saita ta. Ba ta taka birki, don haka a gangara mota na iya zarce saitin, sai ka kama ta da giya. Wajen wucewa kuwa, idan kana 90 tirela na 60, ratar mita 8 ce a daƙiƙa. Tsawon tirela da naka da tazarar gaba da baya sun kai mita 60, wato daƙiƙa 7, ka ci mita 180 na titi. A tagwayen hanya wannan ba komai ba ne. A hanya mai falan ɗaya, wanda ke tahowa a kan 80 zai ci mita 155 a wannan lokaci, don haka sai ka hango fili na aƙalla mita 350 kafin ka fito. Inda ake samun matsala shi ne direba ya manne wa bayan tirela, ba ya ganin gaba, sannan ya fito daga gudun 60 yana jiran totur ya cece shi da fasinja goma sha takwas da kaya. Ja baya kaɗan, ka hango, ka ɗauko gudunka tun kana hannunka.

Tambaya: Motata sabuwa ce, malejinta 240. Ita ma dole ta bi 100?
(Wani ma'aikaci daga Kaduna)

Amsa: Dole, Yallaɓai, doka ba ta duba maleji. Kuma taya ya kamata ka duba, domin ita ke taɓa ƙasa. A gefenta akwai harafi bayan lambobin girma, mai nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka: S na nufin kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, amma ga taya mai lafiya da iska daidai. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida a riƙa duba ta sosai ko da zanenta bai cinye ba, zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6. Tayar gwanjo mai hoton dusar ƙanƙara an yi ta ne don ƙasashen sanyi, kwaltar watan Afrilu ba wurinta ba ne.

Yawancin fashewar taya a kan gudu daga ƙarancin iska take: gefen tayar na lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya taru, zaren ciki ya rabu da roba. A auna iska da safe kafin a tashi, da adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kada a bar mai faci ya auna da bugun ƙafa. In ta fashe, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danne birki sai gudun ya sauka, sannan ka gangara gefe.